Yadda zaka zaga Kyoto da ƙafa baka galabaita ba

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Japan, karatu ne ko kwas na wajen aiki ko harkar motoci, in dai ya samu sararin kwana biyu ko uku toh ya daure ya leƙa Kyoto, kuma in ya je ɗin ya taka da ƙafarsa. Daga Tokyo awa biyu da 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen, daga filin jirgin Kansai kuma jirgin Haruka zai kai ka cikin kamar minti 80. Garin nan shi ne fadar sarkin Japan tun shekarar 794 har wajen 1868 da sarauta ta koma Tokyo, sama da shekara dubu kenan, kuma abin da ya sa har yau ake samun tsofaffin unguwanni na gidajen katako shi ne a 1945 Amurka ta sa shi cikin jerin garuruwan da za a jefa wa bam ɗin nukiliya, sakataren yaƙinta Henry Stimson ya sa aka cire sunan.

Amma fa kada ka sauka a tasha ka ce an yaudare ka. Tashar Kyoto ginin gilashi ne na 1997, gabanta wata doguwar hasumiya fara, kewaye kuma otal-otal da shaguna kamar kowane babban birni. Gobara ta sha cinye garin, ta 1788 da ta 1864 sun lashe mafi yawan tsakiyarsa, shi ya sa tsohon Kyoto a warwatse yake, wani a gindin duwatsu wani a lungun da mota bata shiga. Wanda ya bi bas daga wannan shahararren wuri zuwa wancan hotuna kawai zai tara, ga cunkoso a bas ɗin kamar me, wani lokacin biyu su wuce ka babu wajen tsayuwa ma.

Abu na farko ka riƙe fasalin garin a kai, yana da sauƙi sosai. An zana shi ne da kwaikwayon Chang'an, babban birnin ƙasar Sin na wancan zamanin, tituna a miƙe suna gitta juna. Duwatsu sun kewaye shi gabas da arewa da yamma, kudu ce kawai a buɗe, kogin Kamo kuma ya ratsa daga arewa zuwa kudu ta ɓangaren gabas. Manyan titunan da suka tashi daga gabas zuwa yamma lamba gare su, Sanjo na uku, Shijo na huɗu, Gojo na biyar, Shichijo na bakwai, lambar tana ƙaruwa in kana yin kudu, kuma tsakanin kowanne da na gaba kamar rabin kilomita ne. Tashar jirgi tana tsakanin na bakwai da na takwas, kaga kenan daga nan zuwa Shijo inda kasuwa take kusan kilomita 2, lissafin da zaka iya yi ko wayarka ta mutu. A adireshi zaka riƙa ganin agaru da sagaru, na farko ka yi arewa daga mahaɗar titi, na biyu ka yi kudu, shi kenan. A 1591 Toyotomi Hideyoshi, jagoran yaƙi da ke riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya zagaye garin da ganuwar ƙasa mai tsawon sama da kilomita 22, yanzu guntaye ne suka rage, akwai wani a bayan wurin bauta na Kitano Tenmangu, amma sunayen mashigan suna nan a bakin mutane, Kojinguchi, Kuramaguchi, Awataguchi, kamar dai yadda Bakano zai ce maka Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ko da badalar ta zaizaye.

Dokar da nake bai wa kowa ita ce ɓangare ɗaya a rana ɗaya, jirgi ya kai ka mafarin hanya, sauran aikin ƙafa ne. Ka sayi katin ICOCA a tasha ka zuba masa kuɗi, in kana da Suica daga Tokyo shi ma yana yi, da shi zaka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi biyu ne kacal Karasuma da Tozai, da jirgin Keihan da ke bin gefen kogi. In dole sai ka hau bas, yawanci ta ƙofar baya ake shiga a biya ta gaba lokacin sauka, yen 230 a cikin gari.

Sai sammako. Wannan ita ce garaɓasar da mu muke da ita a kan sauran baƙi, mun saba tashin asuba. A watan Yuni rana tana fitowa tun wajen biyar saura kwata, a Disamba kuma kafin biyar na yamma ta faɗi, kuma yawancin wuraren tarihi ƙarfe huɗu ko biyar suke rufewa, toh wanda ya fito ƙarfe goma ya riga ya yi asarar rabin ranarsa kuma zai tarar da motocin 'yan yawon buɗe ido da ɗaliban makaranta sun cika ko'ina. Bambancin lokaci da Najeriya da Nijar awa 8 ne, kwana biyun farko jikinka zai ruɗe, ka yi haƙuri da shi. Game da lokacin zuwa, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu furen sakura ne wato na bishiyar ceri, tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa ganyaye sun yi ja, duka biyun akwai kyau akwai tsadar masauki akwai mutane maƙil. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Yuli da Agusta kuwa kada ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na san zafi, nasu mai gumi ne, garin a kwari yake iska bata kaɗawa, riga zata jiƙe sharkaf kafin ka yi nisa. Sai dai in bikin Gion ne ya kawo ka, wanda ake jan manyan amalanke na katako a titi ranar 17 da 24 ga Yuli. Ni da za a tambaye ni, Mayu bayan hutunsu na farkon wata ko kuma Oktoba.

Takalmi kambas wanda ƙafarka ta saba da shi, ba sabo ba, kuma wanda ake cirewa da sauri domin duk inda akwai daɓen katako ko tabarmar tatami sai an tuɓe takalmi. Safa mai tsafta wadda bata ɓule ba dan Allah. 'Yan uwa mata, hijabi babu mai damuwa da shi, amma abaya mai jan ƙasa zata wahalar da ke a matakalar dutse, ki zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu. Manyan jakunkuna a bar su a masauki ko a lokokin tasha, jan akwati mai taya a kan daɓen dutse da sassafe yana tayar da unguwa guda.

Ranar farko gabas, wato Higashiyama, kuma in rana ɗaya ce tal gare ka toh ita ce wannan. Ka sauka a tashar Kiyomizu-Gojo ta jirgin Keihan ka hau tudu kamar minti 25 zuwa wurin bauta na Kiyomizu-dera, ƙarfe shida na safe suke buɗewa. An kafa wurin a 778, ginin da ke tsaye yanzu na 1633 ne, kuma abin kallon shi ne barandar katako da ta leƙo daga jikin dutse, tsayin mita 13 a kan manyan ginshiƙai da aka sarƙa da juna ba tare da ƙusa ba. Ka sauka ƙasa ka ɗaga kai ka kalli sarƙar, duk wanda ya taɓa zama kusa da kafinta zai jinjina. A da mutane kan yi tsalle daga kanta wai in sun rayu buƙatarsu zata biya, sai a 1872 hukuma ta hana.

Daga nan ka gangara ta Sannenzaka da Ninenzaka, matakala ce ta dutse tsakanin tsofaffin shaguna, ƙarfe bakwai zaka same su wayam sai masu shara da mai kai kaya, ƙarfe goma sha ɗaya kuwa ko ƙafarka bazaka gani ba. Suna da camfin wai wanda ya faɗi a Sannenzaka bazai wuce shekara uku ba, camfi ne dai, amma dutsen yana da santsi in an yi ruwa, ka taka a hankali. Zaka hango hasumiyar Yasaka mai hawa biyar a ƙarshen wani kwararo, mita 46, an sake gina ta a 1440. Ka bi hanyar Nene, sunan matar Hideyoshi ce wadda ta gina Kodai-ji a 1606 bayan rasuwarsa, ka ratsa lambun Maruyama, sai ga ƙofar Chion-in ta 1621, katako zalla tsayin mita 24. A saman tudun bayanta akwai ƙararrawa mai nauyin kusan tan 70 wadda sai mutum 17 suke haɗuwa su buga ta daren sabuwar shekara. Duk wannan kallo daga waje kyauta ne. Ba sai ka shiga kowane gida ba, kuɗin shiga yen 500 zuwa 1,000 ne ko ɗan sama, kuma bayan na uku duk sai su fara yi maka kama da juna, ka zaɓi biyu ka zauna a cikinsu da kyau.

Inda ni nafi so a hanyar nan shi ne Nanzen-ji, saboda wani abu da baka zata ba, a bayan tsohon wurin bauta sai ga gadar ruwa ta jan bulo irin ginin Turawa, kuma har yanzu ruwa yana bi ta kanta. Labarinta shi ne da sarki ya koma Tokyo garin ya fara mutuwa, mutane suna ƙaura, sai mahukunta suka yanke shawarar janyo ruwa daga tafkin Biwa ta ƙarƙashin duwatsu, aka fara a 1885 aka gama a 1890, injiniyan da ya jagoranta Tanabe Sakuro matashi ne da bai daɗe da gama makaranta ba. Ruwan nan ne ya ba su wutar lantarki a Keage, da ita suka kunna jirgin titi mai lantarki na farko a Japan a 1895. Ka hau matakalar gefen gadar ka bi bakin ruwan, mutane ƙalilan ne suke hawa. Reshen wannan magudanar ce kuma zaka bi zuwa arewa, hanyar da ake kira ta masanin falsafa saboda Nishida Kitaro na jami'ar Kyoto da ya saba bin ta, kilomita 2 a ƙarƙashin bishiyoyi har Ginkaku-ji, gidan hutun Ashikaga Yoshimasa na 1482, wanda ya yi shogun wato shugaban mulkin soja. Ana ce masa gidan azurfa amma babu azurfa ko ɗigo a jikinsa, lambun yashi da na gansakuka su ne abin gani. Gaba ɗaya daga Kiyomizu zuwa nan kamar kilomita 7 ne, da tsaye-tsaye yini guda.

Tunda wuraren nan na bauta ne bari in faɗi abin da na san yana ran mutane da yawa. Iri biyu ne, na addinin Buddha da na Shinto, na Shinto su ne masu ƙofar nan ta ginshiƙi biyu da gicciye a sama. Zaka ga mutane suna rusunawa suna tafa hannu suna jefa kwabbai suna kaɗa igiya, babu wanda zai ce kai ma ka yi, babu ma mai kallonka. Ka tsaya gefe, kada ka tare musu gaba da kyamara, ka kalli gini da lambu ka wuce. Wanda zuciyarsa bata natsu da shiga ɗakin gumaka ba ya tsaya a harabar, bai rasa komai sosai ba. Kwamin ruwan da ke bakin ƙofa na tsarkinsu ne, ba wajen alwala bane, kada a zura ƙafa a ciki.

Rana ta biyu ka fara da Fushimi Inari, wurin bautar Shinto, tasha biyu ce daga tashar Kyoto a layin JR Nara, minti biyar, ka sauka a Inari ƙofar tana gabanka. Babu kuɗin shiga kuma ba a rufewa dare da rana, don haka bayan sallar asuba kawai ka kama hanya. Wurin ya samo asali tun 711, jajayen ƙofofi kusan dubu goma ne a jere suka hau dutse mai mita 233, kamfanoni da 'yan kasuwa ne suke ba da su, in ka waiwayo zaka ga sunan mai bayarwa da kwanan wata a bayan kowace. Zagaye gaba ɗaya awa biyu zuwa uku. Gaskiya ba dole sai ka kai ƙololuwa ba, babu abin hange a can sai bishiyoyi, mahaɗar Yotsutsuji da ke kamar minti 40 daga ƙasa nan ne ake ganin kudancin gari shimfiɗe, daga nan in gwiwa ta fara magana ka juyo. Ruwan sha ka taho da shi daga ƙasa, kana hawa farashinsa yana hawa.

Da hantsi ka dawo tsakiyar gari. Kasuwar Nishiki rumfa ce ɗaya doguwa kusan mita 400, kifi da tsimin kayan lambu da wuƙaƙe da shayi, kuma dokarsu in ka sayi abu ka ci a gaban shagon, ba a tafiya ana ci. Bayan ta kada ka koma babban titi, ka shiga ƙananan layukan da ke tsakanin Shijo da Oike, nan ne zaka ga gidajen machiya masu siririyar fuska da tagogin katako, mai saƙa nan mai yin alewar wake can, wata tsohuwa tana yayyafa ruwa a ƙofar gida. In da sauran ƙarfi ka yi yamma zuwa fadar Nijo ta 1603, daɓen katakonta yana kuka kamar tsuntsu in an taka, kuma a nan ne shogun na ƙarshe ya sanar da mayar da mulki hannun sarki a 1867. Tsohuwar fadar sarki kyauta ake shiga, amma filinta tsakuwa ce mai gajiyar da ƙafa kuma Litinin a rufe take.

Da la'asar ka sauka bakin kogin Kamo, hanya ce shimfiɗaɗɗiya babu mota babu danja, ita ce ma hanya mafi sauƙi ta yin arewa ko kudu. A Demachiyanagi inda koguna biyu suka haɗu akwai duwatsun tsallake masu siffar kunkuru. Ka kula da shirwa, in ka riƙe burodi a fili zata fizge shi daga bayanka, an ma kafa allunan gargaɗi. Gadar Sanjo nan ce ƙarshen tsohuwar hanyar Tokaido, kusan kilomita 500 daga Edo wato Tokyo ta yau, kuma da ƙafa mutane suke yinta.

Unguwar Gion da magariba, a nan sai an yi hattara. Matan nan masu farar fuska da kimono, geiko da ɗalibansu maiko, aiki suke tafiya, kuma baƙi sun takura musu da bi da kyamara da jan riga har unguwar ta gaji. Tun 2019 an hana ɗaukar hoto a layukan da ba na hukuma ba, tarar yen 10,000, a 2024 kuma aka hana baƙi shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Ka tsaya a babban titin Hanamikoji, ka karanta alluna, masu son yin bidiyon TikTok kai tsaye da ihu su adana shi sai sun koma ɗaki. Haka a jirgi, ba a amsa waya, ko daga gida aka kira ka tura saƙo.

Maganar ci. Miyar taliyar ramen yawanci da ƙashin alade ake dafa ta, kuma suna zuba giyar shinkafa da wani mai suna mirin a miya da yawa har da wadda babu nama. Ka haddace alama biyu, 豚 alade, 酒 giya, sauran ka haska da kyamarar Google Translate. Akwai gidajen abincin halal a wajen Gion da Kawaramachi da kusa da tasha, ka bincika a taswira tun da dare ka san inda azahar zata same ka. A kewayen Nanzen-ji sun shahara da yudofu, awara ce ake dafawa a ruwan zafi ba a soyawa, zaka so a ce ka taho da yajinka, kuma ka tambaya game da abin da ke cikin miyar tsomawa. Shagunan 7-Eleven da Lawson da FamilyMart suna ko'ina, dafaffen ƙwai, ayaba, madara, dunƙulen shinkafa mai kifi bayan ka duba takardar, kuma na'urar cire kuɗi ta 7-Eleven tana karɓar katin waje. Ka riƙe tsabar kuɗi domin masu yankan tikiti a ƙofofi da yawa basa karɓar kati. Ruwan famfo ana sha. Ba a ba ma'aikaci ɗan ihsani bayan an biya kuɗin abinci, in ka bar canji a tebur sai ya biyo ka da shi.

Salla kuma, alƙibla a can yamma take ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Akwai ƙaramin masallaci a wajen Kojinguchi, tsakanin tsohuwar fada da kogi, ana Juma'a. Sauran lokuta 'yar sallaya mai naɗewa a jaka da wani gefe mai shiru a bakin kogi ko a lambu sun wadatar, hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuma ka tambayi malaminka kafin ka taso. Banɗakunan tasha da na manyan shaguna suna da maɓallin feshin ruwa, buta bata zama dole ba, amma na wasu tsofaffin lambuna babu, ka riƙe 'yar gora da hankici tunda ba kasafai ake samun abin goge hannu ba. Kwandon shara da wuya ka gani a titi, leda ɗaya a jaka ka tara kayanka har masauki.

Wajen tsallaka titi ka fara duba dama, su ta hagu suke tuƙi, kuma ko babu mota ana jiran danja. Kekuna sun fi motoci haɗari, a kan hanyar masu ƙafa suke bi kuma basa ƙara. Fasfo ya kasance a jikinka kullum, doka ce ga baƙo, ɗan sanda yana iya tambaya. In ka ɓata ko ka yar da wani abu nemi koban, ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda na unguwa, lambar gaggawa 110, motar asibiti 119.

Kinkaku-ji mai lulluɓin zinare da dajin gora na Arashiyama kam sun yi nisa da a taka daga tsakiyar gari, kuma ba kusa suke da juna ba. Na zinaren ginin 1955 ne bayan an ƙona na asali a 1950, hanya ɗaya ake bi a zagaya cikin turmutsutsu, minti 40 ka fito. In kana da rana ta uku ni Arashiyama zan ce, jirgin JR Sagano kamar minti 15 zuwa Saga-Arashiyama, ka isa kafin takwas, ka ratsa goran da bai fi tafiyar minti goma ba, sannan ka ci gaba da yin arewa ta gonaki da tsofaffin gidajen Saga-Toriimoto inda yawancin mutane basa ƙarasawa. Hanyar tudu ce a hankali kusan kilomita 3 kuma shaguna suna ƙaranci can sama, ka sayi ruwa da abin taɓawa tun a tasha.